Mudun wake a bayan buhuna

'Yan'uwa cikin Almasihu, tun da muka tashi daga sujadar godiyar kaka jiya Lahadi zuciyata ba ta kwanta ba. Bari in faɗa, kuma da kaina zan fara.

Kun san yadda ranar take. Ganga na tashi, Zumuntar Mata sun sha anko, matasa na shigo da buhunan masara da doya, mai sanarwa riƙe da makirfo yana kiran suna da adadi, ana guɗa. Ni ina zaune da ambulan a aljihu. Kwandon baiko ya wuce ta gabana, ban saka ba. Jira nake a fara kiran sunaye, don in tashi in taka har gaban bagade kowa na gani.

Ina cikin wannan jiran wata tsohuwa gwauruwa ta shigo ta ƙofar gefe, zanenta duk ya koɗe. Mudun wake ne a baƙar leda, ta ƙulle bakin da tsumma. Ta lallaɓa ta tura shi bayan buhunan, ta durƙusa kaɗan, leɓenta na motsi. Wani yaro ya ce, "Mama, kawo a rubuta sunanki." Ta girgiza kai ta ce, "Bari, ɗana, wanda na kawo wa ya gani." Ta koma bencin baya.

Na san gonarta, ba ta fi tsakar gidan wani ba. Wannan mudun tuwon jikokinta ne ta rage.

Sai na tuna Markus sura 12, inda Yesu ya zauna daura da baitulmali yana kallon masu zuba kuɗi. Attajirai sun zuba da yawa. Gwauruwa ta zuba anini biyu, kuma ita ce ya kira almajiransa ya nuna musu, domin su daga yalwarsu suka bayar, ita kuwa abin zamanta gaba ɗaya ta ba da. Tun muna makarantar Lahadi muke haddace wannan, amma da muka girma sai muka koma layin attajiran, mu da ko arzikin ba mu da shi.

Me ya same mu ne? Mutum ya tashi a taron gina majami'a ya yi alkawarin buhun siminti hamsin, a tafa masa, shekara ta zagayo ma'aji bai ga ko ɗaya ba. A kai wa marayu shinkafa, sai an jera su an ɗauki hoto an saka a Facebook, yaro na sunkuyar da kai don kunya mu muna murmushi. Wani idan ba a ambaci sunansa a sanarwa ba, sai ya yi wata guda yana fushi da fasto. Haba jama'a! Wa muke ba wa ne?

Ku sake karanta Ayyukan Manzanni sura 5. Ba wanda ya tilasta wa Hananiya da Safiratu su sayar da filinsu. Bitrus ma ya gaya masa, fili nasa ne, kuɗin kuma suna hannunsa. Barnaba ya riga ya sayar da gonarsa ya kawo kuɗin gaban manzanni, su kuma suka ɓoye wani kashi suka kawo saura kamar shi ke nan. Ƙaryar ce ta kashe su, miji da mata, tsakaninsu wajen awa uku. Wannan labarin yana ba ni tsoro, domin ambulan ɗina na jiya ɗan'uwan nasu ne.

Ba cewa nake a daina bayarwa ba, kada wani ya samu mafaka. Wanda Allah ya buɗa masa ya ba da da yawa, da daɗin rai. Amma Ubangiji ya ce a Matiyu 6, kada hagu ta san abin da dama ke yi.

Ina roƙonku, wanda ke da tsohon alkawari a littafin ikkilisiya ya je ya biya kafin Lahadi, ya ce wa ma'aji kada a sanar. Gwauruwar da ke unguwarku, kai mata hatsi da dare, ka bar waya a gida. Ni ma ku sa ni a addu'a, har yanzu kunyar tsohuwar nan nake ji.