Musayar gidan kansul a Ingila: kwamfuta kaɗai ba za ta iya dillancin nan ba

A Ingila in kana haya a gidan ƙaramar hukuma, wanda ake cewa gidan kansul, dokar gidaje ta 1985 ta ba ka damar yin musaya da wani ɗan haya, kai ka koma nasa shi ya dawo naka, in dai masu gidajen sun sa hannu, kuma kwana 42 aka ba su in za su ce a'a su faɗa. Akwai shafuka irin su HomeSwapper inda mutane ke zuba hotunan gidajensu suna cigiyar abokin musaya. Shi ne za ka ji 'yan kwamfuta na cewa ai abu ne mai sauƙi, a bar manhaja ta haɗa kowa da kowa kawai. Ni dai ban gamsu ba.

Lissafin kam ba sabo ba ne, tun 1974 wasu masana tattalin arziki biyu, Shapley da Scarf, suka rubuta yadda za a yi musayar gidaje ta zagaye, na farko ya shiga gidan na biyu, na biyu ya shiga na na uku, na uku ya dawo na na farko. Da irinsa ma hukumar lafiyar ƙasar, NHS, ke haɗa masu musayar ƙoda sau huɗu a shekara. To amma ƙoda ba ta cewa unguwar ba ta yi mata ba.

Mutum zai cike fom ya ce ɗaki biyu yake so kusa da makarantar yara, manhaja ta samo masa daidai, ya je gani ya tarar hawa na shida ne kuma lif ɗin sai ya ga dama, ko bango duk danshi, ko maƙwabci mai kiɗa har asuba, ko kuma kawai ransa bai kwanta ba, wa zai rubuta wannan a fom? Kuma a zagayen mutum huɗu ɗaya na fasawa shikenan kowa ya koma gidan jiya. Ga masu gidajen, kowanne da nasa binciken, suna iya hanawa in gidan ya yi wa iyalin girma ko an gyara shi ne don naƙasasshe, mai bashin haya kuwa a ce sai ya biya tukuna.

A 2013 gwamnati ta fara zaftare tallafin haya, kashi 14 cikin ɗari in kana da ɗaki ɗaya da ba kowa, kashi 25 in biyu ne, jama'a suka yi ca kan ƙananan gidaje alhali a garuruwa da dama su ne ba su wadata ba. Nan kam ko wace irin manhaja ce, abin da babu ba za ta haɗa ka da shi ba.

A bar kwamfuta ta riƙa zaƙulo zagayen, ta fi mu ido a nan. Amma kansul su ajiye ma'aikaci takanas da zai bi kowace musaya da waya, ya lallaɓa mai shirin fasawa, ya matsa wa masu gidaje su ba da amsa lokaci guda.