Hirar Asibiti Ma Magani Ce

A ƙauyukanmu na Jigawa, in ba a yi wa mutum allura ba, gani yake ba a duba shi ba. Shi ya sa wanda aka kai asibitin Kazaure saboda ciwon fargaba yakan dawo yana ƙorafin hira kawai aka yi masa.

To, hirar nan magani ce. Wanda faɗuwar gaba ta hana shi shiga kasuwa, ana koya masa komawa sannu-sannu: yau bakin kasuwa, wani makon cikin rumfuna, har tsoron ya sake shi. Gudun ne ke ƙara wa tsoron ƙarfi, dangi kuwa tausayi kan sa su ɓoye shi a ɗaki. In abin ya tsananta, likita kan haɗa da ƙwayoyi, su ma sai bayan mako 2 zuwa 4 amfaninsu ke fara bayyana.