Wai ba sa gane turancinmu

Jama'a, duk ƙarshen zango a jami'o'in nan na Birtaniya ana ba ɗalibai fom su auna malaminsu, kuma wallahi in kai baƙar fata ne da ka taso daga Afirka, tun kafin ka buɗe ka san abin da ke ciki: ba ma gane turancinsa. Mutum ya yi digiri uku da turancin nan, ya tsaya gaban farfesoshi ya kare bincikensa, amma yaron da bai fi rabin laccoci ya shiga ba zai rubuta layi ɗaya, kuma layin nan ana duba shi ranar ƙarin girma ko sabunta kwantiragi.

Kar wani ya ce min ai harshenmu ne da nauyi. A 1992 wani mai bincike a Amurka, Donald Rubin, ya kunna wa ɗalibai lacca ɗaya da muryar Ba'amurkiya, wasu aka nuna musu hoton baturiya, wasu hoton 'yar Asiya. Waɗanda suka ga 'yar Asiya suka ce suna jin baƙon lafazi, har fahimtarsu ta ragu, alhali murya ɗaya ce. Tun daga ido aka yanke hukunci.

Shi ya sa ban yi mamaki ba da rahoton Nicola Rollock na 2019 ya nuna mata baƙaƙe 25 kacal ne farfesoshi a duk Birtaniya. Olivette Otele, haifaffiyar Kamaru, sai a 2018 ta zama baƙar mace ta farko farfesar tarihi a nan, ƙasar da Oxford ta haura shekara 800 tana koyarwa!

Abin da ya fi ci min rai shi ne shirun da muke yi, kuma ban ga laifin kowa ba. Bizarka a hannun jami'a take, in aiki ya tafi yawanci kwana 60 za a ba ka ka nemi wani ko ka tattara, ga iyali ga 'yan uwa a gida suna jiran aike. To a haka za ka kai ƙarar shugaban sashe? Sai ka haɗiye, a ɗauke ka mai shara a ƙofar ofishinka ka yi murmushi, a sa hotonka a gaban ƙasidar talla, gobe kuma a tura ka kwamitin daidaito ka yi aikin da ba ya cikin lissafin ƙarin girma.