Zari-ruga: wa ke bin wa bashin amana?

A watan Oktoban 2025 hukumar da ke kula da NRL, babbar gasar ƙwallon zari-ruga ta League a Ostireliya, ta fitar da wata sanarwa da ta tsaya mini a rai. Ta ce duk ɗan wasan da ya sa hannu da R360, sabuwar gasar zari-ruga ta Union da wasu masu kuɗi ke shirin kafawa, za a haramta masa buga NRL har shekara 10, shi da dillalin da ya haɗa cinikin. Wanda bai san tarihin ƙwallon zari-ruga ba zai ce ai hukuma ce ke kare gonarta. Wanda ya sani kuwa dole ya riƙe baki, domin da irin wannan haramcin aka yi shekara 100 ana gasa wa kakannin 'yan NRL aya a hannu.

Ga wanda bai saba kallo ba, zari-ruga gida biyu ne. Akwai Union, inda kowane ɓangare ke fito da mutum 15, shi ne wanda Afirka ta Kudu da Niyu Zilan suka shahara a kansa. Akwai kuma League na mutum 13, mai ƙarfi a arewacin Ingila da gabashin Ostireliya da Papua New Guinea. Ƙwallon iri ɗaya ce, mai siffar ƙwai, amma dokokin sun sha bamban. A League idan aka kayar da ku sau shida, sai ku miƙa ƙwallo ga abokan hamayya. A Union kuwa kokawar ƙwace ƙwallo tana ci gaba bayan an kayar da mutum. Duk lokacin da wani gwani ya bar ɗaya ya koma ɗayan, sai ka ji an taso masa: makwaɗaici, maci amana, ya sayar da wasan da ya rene shi.

Ni ban yarda da wannan zargi ba. Akwai amana a kan ɗan wasa, tabbas, amma amanar tana cikin takardar da ya sa wa hannu da kuma abokan da suke tsaye kafaɗa da kafaɗa da shi a fili. Ba na ganin ana bin sa bashin zama a ƙarƙashin dokokin mutum 13 ko 15 har ƙarshen ƙarfinsa. Kuma idan aka bi diddigin masu wa'azin “kishin wasa”, sau da yawa za a tarar su ne ke riƙe da lalitar.

Kuɗi ne ma ya raba gidan tun asali. A ƙarshen ƙarni na 19, manyan ƙungiyoyin Yorkshire da Lancashire cike suke da masu haƙar kwal da ma'aikatan masaƙa. Mutum zai fito daga rami ranar Asabar, ko ya bar aikin rabin yinin gaba ɗaya don ya kama jirgin ƙasa zuwa wasa, a yanke masa ladan wannan lokaci. Idan ya karye a fili, makonnin jinya babu ko sisi, ga iyali na jiran cefane. Filin kuwa cike yake da dubban 'yan kallo da suka biya kuɗin ƙofa. Ƙungiyoyin arewa suka nemi abu ɗaya: a bar su su mayar wa ɗan wasa ladan aikin da ya rasa. A taron RFU, hukumar zari-ruga ta Ingila, na 1893 aka kaɗa ƙuri'a, 282 suka ƙi, 136 suka yarda. Mafi yawan masu ƙin 'ya'yan manya ne na kudancin Ingila, lauyoyi da likitoci da tsofaffin ɗaliban makarantun masu hali, waɗanda rasa ladan Asabar ba ya hana tukunyarsu tafasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ranar 29 ga Agustan 1895, a otal ɗin George da ke garin Huddersfield, ƙungiyoyin arewa suka ɓalle, su 22, suka amince da biyan sule shida a rana. Daga nan aka haifi League.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ɓata mini rai. Hukumomin Union suka mayar da duk wanda ya taɓa League kamar mai cuta mai yaɗuwa. Ko wasan gwaji mutum ya buga, haramci ne na har abada, kuma akwai waɗanda aka hana su ko shiga ɗakin shaƙatawa na ƙungiyar da suka yi wa bauta. A Faransa abin ya wuce haka: a Disambar 1941 gwamnatin Vichy, wadda ke aiki da 'yan mamayar Jamus, ta haramta League ɗungurungum ta ƙwace dukiyarsa. Duk wannan da sunan tsarkake wasa daga kuɗi, alhali kowa ya san a wasu ƙungiyoyin Union ana cusa wa 'yan wasa kuɗi a cikin takalmi a ɓoye.

Billy Boston yaro ne daga unguwar Tiger Bay ta bakin tashar jiragen ruwan Cardiff, mahaifinsa ɗan Saliyo. Ya sha faɗa cewa burinsa shi ne ya sa jar rigar Wales. A zamaninsa wannan ƙofa a rufe take ga mai launin fatarsa, domin sai a shekarun 1980 baƙar fata ya fara buga wa Wales wasan Union. A 1953 ƙungiyar League ta Wigan ta zo har gidansu da fam 3,000, yana ɗan shekara 18. Ya tafi arewa, ya dangwala ƙwallo a bayan layi, wato ya ci, sau 478 a rigar Wigan. To wace amana Boston ya ci? Ta gidan da bai taɓa ba shi tabarma ba? Ɗan garinsu Clive Sullivan, wanda shi ma a arewa ya yi suna, shi ne ya jagoranci Birtaniya ta ɗauki kofin duniya na League a 1972, baƙar fata na farko da ya zama kyaftin ɗin tawagar Birtaniya a kowane irin wasa. Mu ma muna da namu a labarin: Martin Offiah, haifaffen Landan da iyayensa 'yan Najeriya ne, ya bar Rosslyn Park ta Union ya koma Widnes ta League a 1987, kuma a 1992 Wigan ta saye shi fam 440,000, kuɗin da ba a taɓa biya a kan ɗan League ba kafin nan.

Sai 1995 ta zo. Ana gab da kammala gasar kofin duniya ta Union a Afirka ta Kudu, kamfanin Rupert Murdoch ya zuba dala miliyan 555 don nuna wasannin Afirka ta Kudu da Ostireliya da Niyu Zilan na shekara 10. A watan Agusta, a birnin Paris, hukumar Union ta duniya ta ce daga yau ya halatta a biya ɗan wasa. Aƙidar da aka kori mutane a kanta tsawon ƙarni guda ta narke cikin 'yan makonni da kuɗin talabijin ya bayyana. Jonathan Davies, wanda aka yi wa tofin Allah tsine lokacin da ya bar Wales ya koma Widnes a 1989, ya dawo Cardiff a 1995, aka tarbe shi hannu bibbiyu. Daga nan ruwan ya juya. Union ta fara farautar gwanayen League, kuma ban ji wanda ya kira hukumomin makwaɗaita ba. A wasan ƙarshe na kofin duniya na 2003 a Sidni, wanda Ingila ta ci Ostireliya 20 da 17, sau biyu kacal aka dangwala ƙwallo a bayan layi. Lote Tuqiri ya yi wa Ostireliya, Jason Robinson ya yi wa Ingila. Dukansu daga League aka ɗauko su.

Akwai kuma abin da mai kallo daga kujera ke mantawa. Jarin ɗan zari-ruga jikinsa ne, kuma jari ne da ke raguwa kowace Asabar. Ba zan manta wasan ƙarshe na NRL na 2014 ba. A karon farko na wasan, kan Sam Burgess ya haɗu da na James Graham, ƙashin kuncinsa ya karye. Ya buga minti 80 cur, gefen fuskarsa na kumbura, idon na ƙanƙancewa, har South Sydney ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1971. Da aka tashi yana kuka, fuskar ta sauya kama. Shekara biyar bayan nan ciwon kafaɗa ya tilasta masa ajiye wasa yana ɗan shekara 30. Steve Thompson, wanda ya ɗauki kofin duniya da Ingila a 2003, ya fito a 2020 ya ce cutar mantuwa ta kama shi, ba ya iya tuna wasannin gasar. Mutumin da sana'arsa ke iya ƙarewa a karo ɗaya, da wane baki za a ce masa kada ya duba inda za a fi biyan sa?

Kuma su ƙungiyoyin, wace amana suke riƙewa? A 2022 Worcester da Wasps sun durƙushe a Ingila, London Irish ta bi su a 2023. Mutanen da suka ba da gwiwoyinsu da wuyansu suka wayi gari babu aiki, wasu suna bin ƙungiyar bashin albashinsu. A Ostireliya an rufe Melbourne Rebels a 2024. Kocin da ya ga ɗan wasa ya rage gudu ba ya tambayar shekara nawa ya yi yana sumbatar tambarin riga.

Duk da haka ba zan ce masu jin zafi ba su da hujja ba. Uban da ya saya wa ɗansa riga mai sunan wani gwani, ya wayi gari gwanin ya tafi, ciwonsa na gaskiya ne. Ƙananan ƙungiyoyin unguwa da suka koya wa yaro riƙon ƙwallo kyauta, su ma suna da haƙƙin jin an bar su da hamma. Kuma akwai tafiyar da ni ma ba zan kare ba. A watan Yulin 2008 Sonny Bill Williams ya hau jirgi ana tsakiyar kakar wasa, ya bar Canterbury Bulldogs ta League ya nufi Toulon, ƙungiyar Union ta Faransa, alhali bai daɗe da sa hannu a yarjejeniyar shekara biyar ba, kuma abokan wasansa ba su san zai tafi ba. Sai da aka biya Bulldogs diyyar dalar Ostireliya 750,000 kafin ƙurar ta lafa. Wannan kuskure ne. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sai dai a lura da inda laifin yake: ya saɓa alkawari ne ya bar mutane a tsakiyar aiki. Da wata ƙungiyar League ya gudu zuwa gare ta, laifin bai ragu ba, kuma da ya jira wa'adinsa ya cika, babu mai bin sa komai.

Ina kawo Williams da gangan, domin shi ne aka fi yi wa laƙabin bawan kuɗi, kuma rayuwarsa ta nuna ƙarancin wannan laƙabi. A Faransa ya musulunta. Ya zama Musulmi na farko da ya buga wa All Blacks, tawagar Union ta Niyu Zilan, ya ɗauki kofin duniya a 2011 da 2015, a tsakani ya koma League ya ci NRL da Sydney Roosters a 2013. A filin Twickenham, bayan wasan ƙarshe na 2015, wani yaro ya kutso fili da gudu, mai gadi ya make shi ƙasa. Williams ya ɗaga yaron, ya raka shi har wurin 'yan kallo, ya cire lambar zinaren da ke wuyansa ya rataya masa. A 2017 kuma ya liƙe tambarin wani banki da ke wuyan rigarsa saboda addininsa bai yarda da riba ba, duk da ya san masu ɗaukar nauyin ƙungiya ba abin wasa ba ne. Mutum na iya neman farashi mai kyau a kan guminsa, kuma yana da abin da ba ya sayarwa.

Idan akwai wanda ya cancanci a titsiye, hukumomin ne. Hukumar Union ta Ingila ta jefa Burgess cikin gasar kofin duniya ta 2015 bai cika shekara guda da sauya wasa ba, ƙungiyarsa ta Bath na sa shi a wani gurbi, tawagar ƙasa na sa shi a wani. Da Ingila ta faɗi tun zagayen rukuni a gidanta, sai aka ɗora masa jakar tsaba, ya tattara ya koma Sidni. Hukumar Union ta Ostireliya kuma ta ɗauko Joseph-Aukuso Suaalii daga Roosters da yarjejeniyar da jaridu suka ce ta kai dalar Ostireliya miliyan biyar, a daidai zamanin da Rebels ke nutsewa cikin bashi. Yaron ya yi abin da aka saye shi ya yi: a wasansa na farko, Nuwamban 2024 a Twickenham, shi aka zaɓa gwarzon wasa, Ostireliya ta ci Ingila 42 da 37. Ko kuɗin ya fi amfani a wurin renon yara, tambaya ce mai kyau, amma masu sa hannu a cek ya kamata su amsa ta. Ba na sha'awar R360, ina ma shakkar ɗorewarta. Sai dai hukumar NRL, wadda ita ma ke zawarcin 'yan wasan maƙwabta, ba ta da bakin da za ta yanke wa nata hukuncin shekara 10 don sun saurari tayi. Laifi tudu ne.

A 2023 birnin Cardiff ya kafa mutum-mutumin Boston da Sullivan da Gus Risman a bakin ruwa, kusa da unguwar da suka taso. Sullivan bai gani ba, ya rasu tun 1985. A watan Yunin 2025 Sarki Charles ya ba Boston sarautar Sir a fadar Buckingham, ɗan League na farko da ya same ta cikin shekara 130 da kafa wasan. Yana da shekara 90 a ranar, kuma cutar mantuwa ta riga ta kama shi.