Hawan jini: "a rage tunani" kaɗai ba ta wadatar

Duk wanda ya taɓa raka mai hawan jini asibiti ya san yadda ganin likita ke ƙarewa. A ɗaura masa abin awo a dantse, a rubuta masa amlodipine, a ce ya sassauta gishiri da magi, sannan likita ya rufe kati ya ce, "Baba, a rage tunani." Shi kuma ya ce to, ya miƙe. Ba wanda ya gaya masa yadda ake rage shi. Magidancin da kuɗin haya ya sha masa kai, ko uwar da ɗanta ke hannun masu garkuwa, ta ina za su fara?

Maganar likitan tana kan hanya. Damuwa na sa jiki ya saki sinadaran adrenaline da cortisol, bugun zuciya ya ƙaru, jijiyoyin jini su tsuke. In ta zama ta kullum, barci ya gagara, wani ya koma ga sigari, wani ya daina shan ƙwayarsa saboda komai ya fita daga ransa. Binciken INTERHEART da aka wallafa a 2004, wanda ya haɗa ƙasashe 52, ya lissafa damuwa da ƙuncin rai cikin manyan abubuwa 9 da ke da alaƙa da ciwon zuciya na farat ɗaya, tare da shan taba da ciwon suga.

Inda nake ganin gazawarmu shi ne mun bar abin a matsayin nasiha, alhali horo ne da ake koyarwa. A Uppsala ta ƙasar Suwidin an raba masu ciwon zuciya 362 gida biyu. Duka sun ci gaba da maganin asibiti, amma kashi ɗaya an ƙara musu zama 20 cikin shekara guda, ana koya musu gane abin da ke tunzura su, da shawo kan fushi da gaggawa. Sakamakon da ya fito a 2011 ya nuna dawowar ciwon ta ragu da kashi 41 cikin 100 a wajensu.

Ba kowane gwaji ne ya ba da haka ba. ENRICHD da aka yi a Amurka, aka wallafa a 2003, ya sauƙaƙa wa marasa lafiya ƙuncin rai amma bai rage mace-mace ba. Don haka duk mai cewa ka ajiye ƙwaya tunda hankalinka ya kwanta, kada ka saurare shi. Hawan jini yakan yi ɓarnarsa mutum na cikin raha, sai dai a ji shanyewar ɓarin jiki.

Za a ce ina muka ga likitocin ƙwaƙwalwa da za su zauna da kowa? Da wuya ma dattijo ya yarda a tura shi Dawanau ko Kware don jininsa ya hau, gudun kada a ce ya taɓu. Amma Zimbabuwe ma ba ta da su da yawa. Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata, suna zama kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare, suna sauraren masu damuwa, suna taya su warware matsala ɗaya bayan ɗaya, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna yana aiki. A nan ma, ranar da masu hawan jini ke zuwa karɓar magani sukan shafe awanni a layi. Nas ɗaya da aka horar za ta iya amfani da wannan lokacin ta zauna da su rukuni-rukuni, kafin a kira lambarsu.