Nahawun Sifaniyanci a kunne yake zaune, kamar yadda namu yake

A ajin koyon Sifaniyanci na manya da nake zuwa da maraice a garin Roquetas de Mar, cikin lardin Almeriya a kudancin Sifaniya, malamarmu ba ta fara darasi da rubutu a allo. Takan sa mu rufe littattafai, ta kunna mana muryar mutane suna hira, sannan ta yi tambaya. Yawancin 'yan ajin sun taso ne kai tsaye daga gonakin tumatir da barkono da kokwamba da aka lulluɓe da farar leda, waɗanda suka mamaye fiye da hekta 30,000 tsakanin duwatsu da bakin teku, kuma a cikinsu akwai 'yan Maroko da Senegal da Mali da Romaniya, wasu ma da ƙasar gona a takalmansu. A wani darasi ta kunna muryar wata mata da ta buga waya asibitin unguwa, ta tambaye mu ko matar ce ke magana da likita ko mijinta ne ya riga ya yi. Mu 'yan Afirka ta Yamma muka amsa daidai, yawancin sauran suka yi shiru. Sai ta yi murmushi ta ce, mutanen da suka fito daga inda ba a rubuta harshe kunnensu ya fi kaifi.

Yabo take nufi, amma maganar ta yi mini zafi. An rubuta waƙoƙin Hausa da ajami tun zamanin Shehu Usman Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya da boko a 1939. Duk da haka, abin da ta lura da shi game da kunne gaskiya ne, dalilin da ta bayar ne kawai bai yi daidai ba.

Amsar tambayarta tana cikin kalma ɗaya. Idan mai Sifaniyanci ya ce hablo yana danna gaɓar farko, yana nufin shi ne ke magana yanzu. Idan ya ce habló yana danna gaɓar ƙarshe, wani ne dabam ya yi magana a baya. Haka hablé yake nufin na yi magana, alhali hable yana nufin a bar shi ya yi magana. Mai aikin da lokacin aikin duka sun rataya ne a kan inda murya ta faɗa, kuma wanda ya haddace jadawalin aikatau a takarda ba tare da ya saba jin wannan faɗuwar murya ba, zai iya cin jarrabawar rubutu, ya fita titi ya kasa gane ko ana ba shi labari ne ko ana ba shi umarni. Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba. Mu kan rubuta "na ce ya zo" iri ɗaya, amma idan an ja wasalin "ya" da murya sama, mutumin ya riga ya iso, idan kuma an gajarta shi da murya ƙasa, kiransa ake yi. Sifaniyawa aƙalla suna ɗora alama a kan wasali, mu kuwa bokonmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, ya bar wa kunne aikin gaba ɗaya. Yaron da ya tashi yana rarrabe irin wannan tun kafin ya riƙe alƙalami ya zo da horon da ake biyan kuɗi a nan domin a samu.

A Almeriya lamarin ya ƙara tsanani, domin mutanen gabashin Andalus, yankin kudancin Sifaniya da Almeriya take ciki, ba sa furta harafin s na ƙarshen kalma. Littafi yana cewa tienes na nufin kana da abu, tiene na nufin yana da shi, amma a bakin mai shagon burodi na unguwarmu s ɗin ya ɓace, abin da ya rage shi ne wasalin ƙarshe da yake ɗan buɗewa fiye da ɗaya. Jam'i ma haka yake tafiya. Babu jadawalin da zai koya wa mutum wannan, sai ya tsaya a layin kifi a kasuwa, ya saurari tsofaffin mata suna ciniki, ya ji rediyon da ke cikin motar da ke kai ma'aikata gona da asuba. Tun 2015 kuma, wanda ke neman zama ɗan ƙasa kuma bai fito daga ƙasar da ake Sifaniyanci ba sai ya ci jarrabawar harshen Sifaniyanci da ake kira DELE, a matakin A2 na masu fara koyo, ta Cibiyar Cervantes mai kula da koyar da harshen, wadda sashe guda cikinta sauraro ne zalla.

Idan na tuna yadda aka koya mana Turanci a makarantun boko na gida, takaici yakan kama ni. Mun kwafi dokokin nahawu a littafi, mun haddace sunayen lokuta, an ci tarar wanda ya yi Hausa a aji, amma da wuya a kunna mana muryar mai harshen mu saurara, shi ya sa da yawanmu muka fita da takardar shaida da baki mai nauyi. Abin mamaki shi ne a zauren malam, kusa da makarantar, ana bin hanyar da ta fi wannan. Alfiyya, wadda ta tattara nahawun Larabci a baiti kusan 1,000, ana rera ta ne har ta zauna a kunne kafin malam ya warware ma'anarta, kuma mawallafinta Ibn Malik haifaffen Jayyan ne, garin da yau ake kira Jaén a cikin wannan Andalus ɗin da nake zaune, kodayake a Dimashƙa ya rasu a 1274. Ashe mun daɗe da sanin cewa doka tana bin sauti a baya, muka ajiye sanin a zaure, muka hana shi shiga aji.

Ba na cewa a ƙona littattafai. Kunne kaɗai ba zai gaya wa mutum inda ake rubuta h da ba a furtawa ba, ko ya raba masa b da v da suke fita da sauti ɗaya. Akwai kuma ma'aikatan gona da suka shekara da yawa a nan amma har yanzu suna magana da aikatau tsirara, babu lokaci babu mai aiki, domin irin karyayyen Sifaniyancin da wasu masu gona ke jefa musu ke nan. Kunne ba ya ɗaukar abin da ba a zuba masa ba.

Wannan ne ma yake hana ni barci game da 'ya'yana. Sifaniyancinsu ya nuna ba tare da sun san sunan doka ko ɗaya ba, har s ɗin ƙarshe suna haɗiyewa kamar jikokin mai shagon burodi. Hausar da suke ji kuwa ta umarni ce, wato zo, ci, tashi, yi shiru, domin ita ce ke fitowa daga bakin uban da ya dawo a gajiye. Ba sa jin gardamar majalisa, ba sa jin doguwar gaisuwar safe, ba sa jin kaka tana jan tatsuniya. Idan kuma 'yan uwa a gida suka aiko musu da saƙon murya ta WhatsApp, sai su juya zuwa Turanci wai don yaran 'yan Turai ne, alhali a wannan gari Turanci darasin makaranta ne kawai. Gwaggo da kawu da ke karanta wannan, ku yi musu Hausa, ku tsawaita ta, ku ba su labarin wanda ya yi aure da wanda ya yi faɗa da farashin gero a kasuwa, ko da sun amsa muku da Sifaniyanci.