Ba dole sai da aljani fim ke tsoratarwa ba

Mutane da yawa sun ɗauka fim ɗin tsoro shi ne wanda fatalwa ke leƙowa ta taga, kuma da zarar an yi dariya a cikinsa to ya lalace. Ba haka abin yake ba. Akwai finafinan da abin tsoron yana cikin kan mutum ne, musamman idan kaɗaici ya yi masa yawa.

Dubi fim ɗin The Lighthouse na darakta Robert Eggers, wanda ya fito a 2019. Maza biyu ne, tsoho da saurayi ('yan wasa Willem Dafoe da Robert Pattinson suka fito a matsayinsu), ke gadin hasumiyar fitilar da ke nuna wa jiragen ruwa hanya, a wani tsibiri a gaɓar tekun Amurka wajen shekarun 1890. Aikin mako 4 ne, sai guguwa ta hana jirgin da zai ɗauke su zuwa. Hoton baƙi da fari ne, an kuma matse shi har ka ji kamar an kulle ka ɗaki ɗaya da su. Ko 'yar ruwan da saurayin ke gani, ba ka da tabbas ko tana nan.

Dariyar kuwa da gangan aka sa ta. Akwai wurin da tsohon ya fusata don saurayin ya raina girkinsa, ya miƙe yana zazzaga masa tsinuwa ba ƙaƙƙautawa. Za ka dara, sai tsigar jikinka ta tashi, domin ka gane hankalin mutanen nan ya fara gushewa, kuma babu mai jin ihunsu sai teku.